Yadda Ake Yin Kayan Adon Kirsimeti a Gida da Kuɗi Kaɗan

Idan watan Disamba ya kama, kukan ga wasu shaguna sun rataye takardu masu ƙyalli, da ƙwallayen roba, da ƙananan fitilu masu walƙiya. Waɗannan su ne kayan adon Kirsimeti. Daga ƙasashen waje ake kawo yawancinsu, saboda haka kuɗin mota da na kwastan duk suna cikin farashinsu. Kuma ba su da ƙarko. Sau da yawa kafin a shiga sabuwar shekara sun yage ko sun mutu. Magidancin da ya ci bashi domin ya saye su yakan shiga watan Janairu da nauyi a kansa, ga kuɗin abinci, ga na makarantar yara.

Wannan darasi zai nuna muku cewa abin da ake bukata domin ƙawata ɗaki ko majami'a yana nan kusa da ku: kara, da kaba, da duma, da laka, da tsohuwar takarda. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ko da ba ku yin Kirsimeti, dabarun da ke ciki za su yi muku amfani a ranar Salla, da Mauludi, da suna, da bikin aure.

Kirsimeti a ƙasar Damagaram

Kirsimeti, wanda a Nijar ake kuma kira Nowel, biki ne da Kirista suke yi ran 25 ga Disamba domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, watau Annabi Isa. Kiristocin Damagaram ba su da yawa. Akwai ƴan ƙasa, akwai kuma waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo su daga Benin, da Togo, da Nijeriya. A garin Zinder ne mishan ɗin SIM ta fara aiki a Nijar a shekarar 1924. Majami'ar Katolika ta garin kuwa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda aka kafa kujerarsa a 2001.

Salla takan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, domin da wata ake lissafinta. Kirsimeti kuwa ba ya motsawa. Kullum cikin hunturu yake zuwa, bayan an gama kaka. Wannan yana da amfani, gama kara da duma sun bushe, suna nan birjik. Yana kuma da haɗari, domin lokacin iska ne da gobara.

Mutumin Damagaram ba baƙon ado ba ne. Ku zaga unguwar Birni ku dubi zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, da zankwayen da ke bisa soraye, da fadar Sarkin Damagaram wadda aka gina wajen 1850, a zamanin Sarki Tanimun. Da ƙasa da hannu aka yi wannan duka, kuma tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a sa su cikin kayan tarihin duniya. Ku dubi jeren da mata suke yi a ɗaki, da aikin dukawan gari, da tukwanen Mirya.

A wasu ƙasashe ma talakawa ne suka ƙago yawancin adon Kirsimeti da abin da ke hannunsu. Manoman Finlan da tattakar hatsinsu suke ƙera ado su rataye a rufin ɗaki. Mutanen Filifin da gora da takarda suke yin babban tauraro. A Burkina Faso yara sukan gina ɗan ɗaki na laka a ƙofar gida, su shafe shi da launi.

Shiri kafin a fara

Tun ran gini tun ran zane. Ku fara tara kaya tun farkon Disamba. Ku ɗauki littafinku ku ja layi a tsakiyar shafi. A hannun dama ku rubuta abin da kuke da shi, a hannun hagu abin da sai an saya. Sa'an nan ku yanke iyakar kuɗin da za ku kashe, misali dala 200, watau jika ɗaya ta sefa, kada ku wuce ta.

Abubuwan da ake samu kyauta:
- sillen kara na gero ko na dawa
- kaba, da ƙwallon goruba, da ɓawon ƴaƴan kuka
- fasasshiyar ƙwarya ko ƙaramin duma
- tsofaffin littattafan makaranta, da jarida, da kwali, da takardar buhun siminti
- gwangwanin tumatir ko na madara, da marafan kwalba
- ƙyallayen da tela ya zubar
- laka da ƙaiƙayi

Abubuwan da mai yiwuwa ku saya: zare, da allura, da ƙaro, da ɗan garin fulawa, da kayan rini. Ana samunsu a Kasuwar Dole, musamman ran Alhamis da kasuwa take ci, da kuma kasuwannin ƙauye.

Kafin ku yanka kowace takarda ku karanta abin da ke jikinta. Kada ku yanka wadda take ɗauke da ayar Alƙur'ani, ko ta Littafi Mai Tsarki, ko sunan Allah. Kada kuma ku yanka takardar haihuwa, ko katin asibiti, ko takardar gona.

Yadda ake haɗa gam

Gam na ƙaro: ku zuba awo ɗaya na ƙaro cikin awo biyu na ruwa mai ɗumi, ku rufe ya kwana. Da safe ku motsa, ku tace da ƙyalle. Shi ne ƙaron da malamai suke sa wa tawada. Yana kama takarda sosai, kuma yana sa launi ya yi sheƙi.

Gam na fulawa: ku dama cokali ɗaya na fulawa da cokali biyar na ruwan sanyi har gudaji su mutu. Ku ɗora a wuta kaɗan kuna motsawa, sai ya yi kauri kamar koko. Ku sa ɗan gishiri, ku bari ya huce. Ku dama daidai na yini ɗaya ko biyu, domin yana tsami idan ya daɗe.

Yadda ake samun launi

- Ja: ku dafa karan dafi da ƴar kanwa. Da shi dukawa da masu saƙar tabarma suke rini. Ruwan zoɓo mai kauri ma yana rina takarda, amma rana tana kashe shi, kuma kanwa tana juya launinsa.
- Rawaya: garin gangamau ko kurkum cikin ruwan zafi.
- Shuɗi: shuni, ko bula ta wanki.
- Kore, watau tsanwa: ku gauraya rawaya da shuɗi.
- Baƙi: gawayi niƙaƙƙe.
- Fari: farar ƙasa ko alli.

Kowane launi kuka haɗa, ku zuba masa ɗan ruwan ƙaro domin kada ya goge idan ya bushe. Abin shafawa kuwa, ku dandaƙa bakin itacen asuwaki, ko ku yi amfani da gashin kaza. Rabin gwangwanin ruwa ya isa launi ɗaya.

Tauraro na kara

Kirista suna rataye tauraro domin tunawa da wanda ya bishe da masanan gabas zuwa Baitalami.

1. Ku yanke sillen kara guda 5, tsawonsu ɗaya, misali kamu ɗaya. Ku jiƙa su kaɗan domin kada su tsage.
2. Ku zana da'ira a ƙasa, faɗinta daidai da tsawon karan.
3. Ku sa ɗigo biyar a kan da'irar, tazararsu daidai da juna. Ku rubuta musu lamba 1, 2, 3, 4, 5, kuna bin da'irar.
4. Ku shimfiɗa kara daga 1 zuwa 3, daga 3 zuwa 5, daga 5 zuwa 2, daga 2 zuwa 4, daga 4 ku koma 1.
5. Ku ɗaure bakuna biyar ɗin da zare, sa'an nan ku ɗaure wurare biyar na ciki inda kara ya gitta kara.

Tauraro ya samu. Kuna iya barinsa haka, ko ku manna masa takarda mai launi, ko ku naɗe shi da ƙyallen atamfa. Yaran da suka iya ƙera motar kara za su koyi wannan nan da nan.

Sarƙar takarda

Ku shafa wa takarda launi, ku bari ta bushe. Ku yanka ta tsaye, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya, watau kamar santimita 3 da santimita 20. Ku lanƙwasa ɗaya ta zama zobe, ku manne bakinta. Ku zura ta biyu cikin zoben, ita ma ku manne. Haka za ku yi ta yi. Fallen littafin makaranta ɗaya yakan ba da zobba biyar, zobba 16 zuwa 18 kuma sukan kai mita ɗaya. Ke nan falle huɗu sun isa mita ɗaya. Ku auna bangon ɗakinku tukuna, ku lissafa fallen da kuke bukata.

Idan kuna son abin da zai jure iska a tsakar gida, ku yanka ƙyallayen tela masu kusurwa uku, ku ɗinka su jere a jikin igiya. Wannan yakan yi shekaru, kuma ana wanke shi.

Ado na kaba

Ku tsaga kaba, ku dafa wani kashi cikin ruwan karan dafi, ku bar wani da farinsa. Ku kitsa su tufka uku kamar kitson kai, har ya kai kamu uku. Ku haɗa bakin biyu ya zama kambi, ku ɗaura masa jan ƙyalle, ku rataye a ƙofa. Faya-fayan da suke gidanku ma ado ne. Ku jera su a bango, babba a tsakiya, ƙanana kewaye da shi. Idan za ku yanko kaba da kanku, ku ɗebi ganyen gefe, ku bar na tsakiya domin ta ci gaba da tofo.

Fitilar gwangwani da ta duma

Ku wanke gwangwani, ku danna kaifin bakinsa da dutse. Ku cika shi da jiƙaƙƙen rairayi, ku danƙare, domin kada ya lotse. Ku zana dagi ko tauraro a jikinsa da gawayi, ku bi zanen kuna hudawa da ƙusa. Ku zubar da rairayin, ku sa haske a ciki.

Duma kuwa, ku yanke gindinsa, ku kwashe cikin, ku huda jikinsa da basilla. Gyartai zai iya taimakonku da zane. Amma ku riƙe wannan da kyau: ba a sa kyandir ko aci-bal-bal cikin duma, ko ƙwarya, ko takarda. Ƴar tocila mai batir ko fitila mai cajin rana kaɗai ake sawa.

Komin dabbobi na laka

Bisa ga Linjila, a cikin komin dabbobi aka kwantar da Yesu bayan haihuwarsa. Wani bawan Allah mai suna Faransis na Asisi ya nuna wa mutane kwatancin wannan a ƙauyen Girecho na ƙasar Italiya a 1223, daga nan al'adar ta bazu. Ƴan Katolika sun fi yin ta. Wasu majami'u ba su yin siffar mutum, saboda haka ku tambayi shugaban majami'arku kafin ku kai.

Ku kwaɓa laka da ƙaiƙayi ko dakakkiyar ciyawa, kamar yadda magina suke yi. Ku gina ɗan ɗaki a kan katako ko kwali mai kauri, tsayinsa taƙi biyu. Ku yi masa zankwaye irin na gidajen Birni, ku zana fuskarsa da tsinke tun lakar tana ɗanya. Ku ƙera tumaki, da jaki, da saniya, da raƙumi, ku sa tsinke cikin ƙafafunsu domin su tsaya. A inuwa za ku shanya su kwana uku ko huɗu, ku lulluɓe da tsumma a daren farko. Iskar hunturu da rana suna busar da bayan laka cikinta yana ɗanye, shi ya sa take tsagewa. Bayan sun bushe sai ku shafa launi. Auduga kaɗan da gam za ta zama gashin tunkiya.

Itacen Kirsimeti

Al'adar kafa itace a ɗaki daga Jamus ta fito, fiye da shekara 400 da suka wuce. Can suna da dazuzzukan wani itace da ba ya zubar da ganye. Mu ba haka ƙasarmu take ba. Tun daga shekarun 1980 manoman Mirya, da Magarya, da Matamai, da na jihar Maraɗi suka dage da sassaben zamani, suna renon itatuwan da suka tsiro a gona, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ne kan gaba a wannan yanki. Shi da rani yake ganye, saboda haka a Disamba kore shar yake, yana jan ido. Kada ku sare shi. Yana ƙara wa gona taki, ƴaƴansa abincin dabbobi ne, kuma yana cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba.

Ga hanyoyi uku da ba su ɓata daji:
1. Ku sami busasshen reshe wanda ya faɗo da kansa, ku cire ƙaya, ku kafa shi cikin bokitin rairayi da duwatsu, ku shafe shi da farar ƙasa.
2. Ku yanke kara guda 7, kowane ya fi na ƙarƙashinsa gajarta, ku ɗaure su da igiya kamar tsani, ku rataye a bango.
3. Ku ƙawata dashen mangwaro, ko na lemo, ko na zogale da ke cikin tukunya. Ku ci gaba da ba shi ruwa, idan damina ta sauka ku dasa shi. Ran 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar.

Abin ratayawa kuwa: ƙananan taurari, da marafan kwalba da aka naɗe da ƙyalle, da ƙwallon goruba da ɓawon ƴaƴan kuka masu launi, da ɓawon gyaɗa da aka shirya a zare.

Ku kiyayi gobara da rauni

Rigakafi ya fi magani. Kara, da kaba, da takarda duk abincin wuta ne, kuma a hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗakin shibci, da zana, da rumbun hatsi.

- Kada ku rataye ado kusa da murhu, ko kaskon wuta, ko fitilar kananzir.
- Idan kun kunna kyandir, ku kafa shi cikin kwanon rairayi a ƙasa, nesa da labule. Ku kashe shi kafin ku fita ko ku kwanta.
- Kada ku naɗe ƙwan lantarki da takarda ko ƙyalle. Kada ku yi amfani da wayar da ta zuge.
- Ku ajiye bokitin rairayi kusa. Ba a zuba ruwa a wutar lantarki ko ta mai. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18.
- Wanda ya ƙone, ku zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, ku rufe da ƙyalle mai tsabta, ku kai shi asibiti. Kada ku shafa mai, ko ƙwai, ko man goge haƙori.
- Huda gwangwani da yanka da reza aikin manya ne. Kada mutum biyu su yi aiki da reza ɗaya.
- Ku nisanta marafan kwalba, da duwatsun ado, da ƙananan batura daga jarirai. Yaron da ya haɗiye batir, a kai shi asibiti nan take.
- Kada ku ƙona leda, hayaƙinta guba ne. Kada kuma ku yar da ita, awaki suna haɗiyewa su mutu. Tun 2014 dokar Nijar ta hana ƙerawa, da shigowa, da sayar da leda marar kauri.

Ajiya da neman riba

Bayan biki ku kakkaɓe ƙura, ku jera kayan cikin kwali ko tukunya mai murfi, ku zuba busasshen ganyen darbejiya, watau dogon yaro, domin korar ƙwari. Ku ɗora a bisa, inda gara da ɓera ba su kai. Ku rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin. Abin da ya lalace na kara da takarda, ku zuba shi a ramin taki.

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya mai da wannan sana'a. Masu aure da masu suna suna neman ado, makarantu ma haka a ranar rufe aji. Ga kuma bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wanda Damagaram ta karɓi baƙuncinsa a 2006 da 2018. Kafin ku yanke farashi ku tara kuɗin kayan da kuka saya, ku ƙara ladar lokacinku, ku rubuta. Ku fara da kaɗan, ku ga abin da ya fi shiga. Mata da suke cikin adashe, ko cikin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi zare da kayan rini a sari, ya zo musu da sauƙi.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Bangon ɗaki yana da tsawon mita 4. Falle nawa na takarda ake bukata domin sarƙar da za ta kai daga wannan kusurwa zuwa waccan?
2. Taurari 6 kuke so ku yi. Sillen kara nawa za ku yanke?
3. Me ya sa ba a shanya aikin laka a rana?
4. Waɗanne kayan ado ne kakanninku suke yi da hannu waɗanda yanzu aka daina? Wa ya rage a unguwarku ko ƙauyenku da ya iya su? Ku rubuta sunayen kayan, ku kawo ɗaya aji a zama na gaba.